Tankar Sama Ta Isa Gida

Litinin, bayan tashi daga aiki

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida. Matar Yaya ce ta tuna mini yau a waya, kamar ni ban iya lissafi ba. Ba cikin faɗa ta faɗa ba. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

An sallamo Yaya daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jiki. Yana gane mutane, yana ci in an ba shi a baki, hannun hagu yana motsi. Magana ce babu. Ta ce zai buɗe baki ya yi ta kokawa, iska kawai ta fito, sai ya juya fuska bango. Mutumin da in ya fara zuba sai an kashe janareto.

Likita ta ce a riƙa jiyar da shi abin da ya saba, musamman muryarsa ta da in akwai, wai wani lokaci harshe yakan bi tsohuwar hanya. Sun birkice gidan kaf, babu. Da aka mai da gidan kallonsa shagon siminti, kwashe kaset-kaset ɗin aka yi aka zubar.

"Sai na tuna da kai, ƙaramin maigida," in ji ta. "Ba ka tafi da wasu ba?"

Na tafi da su. Guda shida, a cikin gwangwanin biskit, ƙarƙashin gadona.

Ba ta tambaye ni yaushe zan zo ba. Ta san takarduna na zama a ƙasar nan suna ofishin can, ta san in na fita kafin su fito ƙofa ta rufu. Ni ma ban ɗauko zancen ba.

Talata, hutun rana

A jikin kowace bas ta garin nan an manna hoton kashi na bakwai na fim ɗinmu. Na ƙarshe, in ji su. Sai yanzu suka ga damar fitowa da shi.

Ban taɓa kiran fim ɗin da sunansa na gaskiya ba. A wurinmu Tankar Sama ne, haka Yaya ya raɗa masa. Jirgi ne mai dakon ruwa tsakanin taurari, ya ɓata hanya, na ciki suna neman gida. Yaya ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren da suke yi, amma shi ne mai fassara. Zai zauna a kujerar roba gefen talabijin, ya ƙwanƙwasa makirufo sau biyu da yatsa, ya rage sautin fim ya ɗora nasa. Shugaban jirgi ya zama Direba. Mutum-mutumin ƙarfen nan mai ido ɗaya ya zama Kwandasta. Tsohuwar ɗakin inji, Goggo. Baƙaƙen jiragen da ke bin su kuwa, masu karɓar haraji ne. In Direba ya tsaya yana dogon jawabi yana kallon taurari, sai Yaya ya ce, "Yana cewa wanda ya shanye masa shayi ya fito tun kafin ya rantse." Benci har karyewa ya taɓa yi don dariya.

Ni ke tsaron ƙofa, shi ya sa har yau a gida ba a san ni da wani suna ba sai Kwandasta. Ni ne kuma nake ajiye ƙaramin rediyo a gindin lasifika ina ɗauka a kaset, don in sake ji in na kwanta.

Da na zo nan na koyi yaren, na sake kallon duka shidan. Ashe Goggo ba uwar Direba ba ce. Ashe ba wanda ya sha shayin kowa. Labarin nasu ba laifi, in za a yi adalci. Bai dai kai na Yaya ba.

Talata, da yamma

Na buɗe gwangwanin. Bangon ɗakin nan yana tsatsafo da ruwa, na fi shekara uku ina gaya wa mai gidan. Murfin ya yi tsatsa. A ciki wani farin abu kamar auduga ya bi zaren kaset ɗin, ga warin rima. Rubutun da na yi a jikinsu da biro ya narke, lambobin kawai ake ganewa.

Laraba, da rana

Na yi wauta.

Laraba, da yamma

Bari in rubuta, ko zuciyata ta sauka. Mu a ɗakin wankin otal, duk abin da ya jiƙe wuri ɗaya muka sani. Zanen gado, tawul, takalmin da ruwa ya doka, har wayar abokin aikina Dogo da ta faɗa bokiti, a kan bututun injin busarwa muka ɗora ta ta warke. Sai na ɗauki na uku da na huɗu, su suka fi jiƙewa, na naɗe a tawul na ɗora a kan bututun. Na ce in na gama ninke layi ɗaya zan sauke. Sai kayan hawa na tara suka sauko gaba ɗaya.

Da na tuna, sun lanƙwashe kamar busasshen ganye.

Dogo, abokin ninkina, ya ɗaga ɗaya ya kalla ta fitila. "Wannan kam ya bushe," ya ce. Da ya ga fuskata sai ya ajiye a hankali ya koma kan tawul ɗinsa.

Na huɗu shi ne wanda Goggo ta mutu a ciki. Ranar Yaya bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Ya sa mata wasiyya a baki, ƙatti suna share ido da hula.

Alhamis, kafin shiga aiki

Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo tsakanin shagon aski da mai yankan makulli. Na zube masa shidan a kan tebur.

"Wa ya dafa waɗannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da gishiri ko babu?"

Ban yi dariya ba. Ya tura biyun gefe da bayan hannu, ya ce su sai dai addu'a. Sauran huɗun zai buɗe ya goge zaren kaɗan-kaɗan da auduga, in ya ja da ƙarfi fatar da ke riƙe da sautin za ta biyo audugar. Abin da ya tsira zai juye mini a waya.

"Waƙa ce?"

"Wana ne yake magana."

"Ya rasu?"

"A'a."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce in ba shi mako guda, kuma kada in riƙa zuwa ina tsaya masa a ka.

Juma'a, hutun rana

Ofishin can sun ce ana kan dubawa. Yarinyar da ke tagar tana da kirki, ba ita ta ajiye dokar ba.

Asabar, da la'asar

Na je na kalla. Ban yi niyya ba, ƙafata ce ta kai ni.

Ɗakin sanyi kamar firji, kujera mai laushi, mutum ɗari biyu ko fi, amma ko tari ba ka ji. Haka suke kallo a nan, kamar masu zaman makoki. Da wani baƙin jirgi ya ɓullo ta bayan Kwandasta ban san sanda na ce, "Bayanka!" ba. Matar da ke gabana ta juyo ta ɗora yatsa a leɓe. Na ba ta haƙuri. Tana da gaskiya, ta biya kuɗinta.

Zan faɗi alherinsa tukuna. Hoton ya yi kyau, kyau na ban tsoro. Akwai inda tankin ya fashe ruwan ya fito yana yawo a sarari dunƙule-dunƙule, taurari suna ciki. Da Yaya ya ga wannan da ya yi shiru, ko da na daƙiƙa biyu ne.

Sauran kuwa. Sun cika jirgin da yara masu kyawun fuska waɗanda ba su taɓa yin gumi ba. Tankar da muka sani da tsatsa da igiya a ɗaure a ƙofa, yanzu ƙal take kamar banɗakin hawa na tara. Kwandasta sun sake masa murya. Na ji an ce mai yin ta da ya mutu, to wannan ba laifinsu ba ne, amma da sun bar shi bebe da ya fi mutunci. A'a. Na janye wannan.

Direba bai fito ba sai can wajen ƙarshe, ya tsufa, wuya duk jijiya.

Kuma sun isa gida. Abin da muka shekara ashirin da wani abu muna jira. Sun sauka da ruwansu cike da tanki, suka tarar mutanen sun daɗe da haƙa rijiyoyi. Ba mai buƙata. Wani ma'aikaci ya ce su matsar da jirgin, ya tare hanya. Direba ya taka har ƙofar gidansu, wata yarinya ta leƙo ta ce wa ake nema. Ya ce ya yi ɓatan kai ne. Ya koma cikin tankar ya zauna a kujerarsa. Shi ke nan, rubutu ya hau.

Mutane suna tafi. Wani saurayi a bayana yana cewa ƙarshen ya yi ma'ana. Ma'anar uwarsa.

Ban hau bas ba, da ƙafa na dawo.

Lahadi, da safe

Ban ce fim ɗin ƙarya ya yi ba. Cewa na yi ba su da tausayi.

Litinin, hutun rana

Matar Yaya ta ce ya daina yarda a motsa masa hannu. In mai gashin ƙashi ya zo sai ya rufe ido kamar mai barci. Ta gaji, ana ji a muryarta, amma sai da ta tsokane ni.

"Ƙaramin maigida, ko ka yi mata a can ne ka ɓoye mana? Faɗa mini in san kishiyar wa zan zama."

"Wa zai auri mai warin sabulu?"

"Ni ma mai warin janareto na aura."

Ta kara masa wayar a kunne. Na gaishe shi. Numfashi kawai. Na ce ana ta gyaran kaset. Numfashi. Sai bakina ya ce, "Yaya, na bakwai ya fito. Na gani."

Can sai na ji ƙwas, ƙwas.

"Mene ne wannan?"

"Ƙarfen gado yake bugawa da zobensa," in ji ta. "Sau biyu. Me yake nufi?"

Na san me yake nufi. A fara.

Na ce masa hutu ya ƙare, gobe. Ba ƙarya na yi ba, amma ko da saura ba zan iya ba.

Talata, hutun rana

Na fara. Na zauna a kan kwandon tawul bayan inji na biyu na ba shi farkon. Ban iya ba. Ina ta "sai kuma", "sai kuma", kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Yaya yakan shiga cikin mutum ne ya yi magana da bakinsa. Ni daga waje nake leƙe.

Dogo yana ninki yana saurare. Da na zo inda jirgi zai tashi sai ya taka ya kunna injin busarwa, ya karɓi wayar ya kara a jiki. Ƙarar ta yi daidai, wallahi. Ta can na ji matar Yaya tana dariya, rabon da in ji wannan tun kafin abin ya faru.

Na tsaya a inda masu haraji suka kewaye su. Dabarar Yaya ce. Yakan zare waya daga soket a daidai inda wuƙa ta kusa wuya, ya ce inji ya yi zafi, a dawo gobe. Har jifansa aka taɓa yi da takalmi.

Ƙarfen gado ya yi ta ƙara. Na ce, "Inji ya yi zafi, Yaya."

Alhamis, da yamma

Baba mai gyara ya gama. Na ɗaya ya fito kusan duka. Na biyu rabi. Na biyar zaren ya manne, ya tsinke a hannunsa, ya ba ni haƙuri kamar shi ya ajiye shi a rima. Na shida gutsattsari ne.

Ya sa mini abin ji a kunne a nan cikin shagon. Ƙwas, ƙwas. Sai muryar, ƙarama, mai kauri, tana gudu: "Jama'a a gyara zama, mai tsayi ya koma baya, Direba ya tayar da mota!"

Ashe yaro ne a lokacin. Bai kai shekaruna na yanzu ba, ko kusa.

A tsakiyar na biyu, bayan hayaniyar 'yan kallo, akwai wata murya daga nesa, ta kan katanga: "Kai da ƙaninka, abincin nan zai huce!" Yaya ya ce a makirufo, "Goggo ta yi kira daga ɗakin inji." Aka kwashe da dariya.

Inna ce. Ban san tana ciki ba.

Baba ya juya baya yana neman wani abu a cikin akwatin da na tabbata babu komai. Kafin in tafi ya nuna mini yadda ake ɗaukar magana in ana waya. Ya ce, "Tunda ɗauka ce sana'arka. Wannan dai kada ka dafa ta."

Na tura wa matar Yaya na ɗaya.

Juma'a, da rana

Bai yi ba.

Juma'a, da yamma

Ta ce da ta kunna ya buɗe ido sosai, leɓensa yana bin maganar. Ta ɗauka an dace. Bai fi minti biyu ba sai ya kai hannun hagu ya ture wayar ta faɗi ƙasa, ya juya bango, kafaɗarsa tana rawa. Bai ci abincin rana ba.

Na zagi likitar nan a raina har na gaji. Amma ba ta yi alkawari ba, "wani lokaci" ta ce. Mu ne muka ji abin da muke so. Wa zai so a kunna masa kansa yana gudu alhali yana kwance?

Duk wahalar nan. Kaset biyu na ƙona a banza.

Asabar

Ban kira ba.

Lahadi, da hantsi

Ita ta kira. "Yayanka ya hana mu sakat. Tun asuba yake buga gado. Na kawo ruwa, ba shi ba. Na kawo kaset, ya harare ni. Sai da na ce Kwandasta, sannan ya tsaya."

Na ba shi na yau. Na ɗan saki jiki. Sabon yaron da suka sa a kujerar Direba na raɗa masa Ɗan Hajiya, na ce lasisinsa saya masa aka yi. Wani sauti ya fito daga Yaya, ta ce dariya ce, gefe ɗaya na bakin.

Ta yi ciniki da shi a gabana: in yana son na gobe, sai ya bar mai gashin ƙashi ya yi aikinsa. Ƙwas ɗaya. Ta ce wannan "to" ne, cikin fushi.

Laraba, hutun rana

Kullum kaɗan. Ina jan labarin kamar ɗanko, har abin da babu nake sakawa. Jiya na sa an sace wa Kwandasta ido an kai kasuwa. Dogo ya ce shi fa yanzu ba zai je kallon na gaskiyar ba, kada ya ɓata masa nawa.

Amma tankar ta kusa sauka. Ba yadda zan yi, gobe ko jibi.

Hannun dama ya ɗan motsa, in ji ta. Baki dai shiru.

Juma'a, bayan tashi daga aiki

Na jira kowa ya fita, na kashe injuna. Na danna ɗauka kamar yadda Baba ya koya mini.

Na saukar da su lafiya. Na ce gari ya fito kaf, yara suna bin tankar da gudu, mata da bokitai, don shekara da shekaru ba su ga ruwan kirki ba. Na ce an ɗaga Direba a kafaɗa. Na ce da ya isa ƙofar gida ya tarar da komai yadda ya bari, har kofin shayinsa, kuma wanda ya shanye ya fito ya nemi gafara. Ina ta sauri, ina jin kaina ina sauri.

Babu ƙwas. Numfashi kawai, mai nauyi, kamar mai tura mota a yashi. Na ɗauka wani abu ne ya same shi. Sai na ji:

"Ƙ… ƙar… ya."

Matar Yaya ta saki salati, wani abu ya faɗi ya fashe. "Ka ji? Kwandasta, ka ji? Sake faɗa, don Allah sake faɗa!"

Bai sake ba. Sau ɗaya ya isa. Mutumin da ya shekara goma yana yi wa unguwa guda ƙarya da makirufo, kalmar da ya fara dawowa da ita ke nan. Tun ina yaro ya sani, in zan yi ƙarya gudu nake.

Na ce, "To, Yaya." Na ba shi yadda yake. Rijiyoyin, ma'aikacin da ya ce a matsar da jirgi, yarinyar da ta ce wa ake nema. A hankali na faɗa, ban sa barkwanci ba. Da na zo inda Direba ya koma ya zauna a kujerarsa sai na tsaya.

Ƙwas, ƙwas.

"Ya ƙare, Yaya. Babu saura."

Ƙwas, ƙwas.

Matar Yaya ta ja hanci. "Cewa yake a fara. Wani kashin yake so, ka san halinsa." "Kuma ƙaramin maigida, mu nan ba mu haƙa rijiya ba. Ka ji ko? Duk ranar da takardun suka fito."

Na ce na ji.

Asabar, da safe

Na sayi gwangwanin roba mai murfi, na matsar da gado daga jikin bango. Litinin zan koma ofishin can. Kafin nan sai na san inda zan kai tankar, tunda masu fim sun ajiye ta.

Abin da ya tsira: kaset na ɗaya, kusan duka. Rabin na biyu, da Inna a ciki tana kiran mu cin abinci. Gutsattsari bakwai daga na shida, ɗaya tari ne kawai. Na uku, na huɗu, na biyar, babu. Sai kalma ɗaya ta jiya, sabuwa, na adana ta wuri uku.